Kundin aiki: tsara gwajin amincin firjin allurai mai amfani da hasken rana

3 ga Fabrairu

Daga yau aikin tsara gwajin amincin sabon firjinmu ya dawo hannuna, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Firji ne na ajiye alluran rigakafi, mai aiki da hasken rana, wanda dole cikinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da digiri 8 dare da rana har shekara goma. A ido akwati ne mai ƙofa. A ciki kuwa akwai kwamfreso biyu (injin da ke matsa gas ɗin sanyaya), fanka biyu, batir, na'urar cajin batirin daga farantin sola, allon sarrafawa, ma'aunin zafi, ƙararrawa, da manhajar da ke haɗa kansu. Kowannensu da hanyar da yake bi ya mutu.

Umarnin da ya sauko daga sama layi ɗaya ne: a tabbatar cewa matsakaicin lokacin aiki tsakanin lalacewa da lalacewa, wanda ake taƙaitawa da MTBF, ya kai awa 20,000, da tabbacin kashi 90 cikin 100. An ba mu samfuri takwas da wata uku.

Lissafin ba ya ɗauka. Idan ana so a nuna wannan adadi ba tare da ko lalacewa ɗaya ba, sai an tara awannin gwaji ninki 2.3 nasa, wato awa 46,000. A raba wa firji takwas, kowanne zai yi awa 5,750, kusan wata takwas ke nan. Idan aka yarda da lalacewa ɗaya, ninkin ya koma 3.89, idan biyu ne, 5.32, ya haura awa 106,000. Abin da muke da shi gaba ɗaya bai wuce awa 17,500 ba, shi ma idan babu ranar da aka kashe ko firji ɗaya.

6 ga Fabrairu

Kafin a ƙirga lalacewa sai an yarda da abin da ake kira lalacewa. Yinin yau a kan wannan ya ƙare. Masu ƙira suna ganin in dai kwamfreso yana juyawa, firji na aiki. Masu kula da abokan ciniki kuma ko fitilar ƙofa ce ta mutu, lalacewa ce a wurinsu.

Mun tsaya a kan mataki uku. Na farko shi ne duk abin da ke ɓata allura: zafi ya wuce digiri 8 na tsawon lokaci, ko sanyi ya kai ga daskarewa, ko ɗaya daga cikinsu ya faru ƙararrawa ba ta yi kuka ba. Na biyu, abin da ke buƙatar mai gyara amma allura na nan lafiya, kamar mutuwar kwamfreso ɗaya. Na uku, ƙananan abubuwa.

Na dage a kan daskarewa, domin mutane sun fi tsoron zafi. Allurai da yawa, kamar ta ciwon hanta nau'in B da ta tetanus, daskarewa tana kashe ƙarfinsu, kuma bayan sun narke kwalbar ba ta nuna komai a kallon farko. Ma'aikaciyar lafiya za ta yi wa yaro allurar da ba ta da amfani, ita ba ta sani ba, uwar yaron ba ta sani ba. Wannan ita ce lalacewar da ta fi tsaya mini a rai, kuma adadin MTBF guda ɗaya ba ya bambanta ta da mutuwar fanka.

10 ga Fabrairu

Tattara yanayin da firjin zai rayu a ciki: zafin ɗaki, laima, ƙura, yawan buɗe ƙofa, kwanakin hadari da sola ba ta caji, da girgizar mota a hanyar kai shi. Mun ɗauki buɗe ƙofa sau 20 a rana a matsayin ma'auni.

13 ga Fabrairu

Zaman FMEA, wato bin kowane sashe ana tambaya: ta yaya zai lalace, me zai jawo, me zai biyo baya. Sojan Amurka ne suka fara rubuta wannan hanya a 1949, yau kuma tana cikin ƙa'ida mai lamba 60812 ta IEC, hukumar tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya.

Inda muka sami saɓani shi ne wajen jera abubuwa. Al'adar ita ce a ba muni, yawan faruwa da wuyar ganowa maki daga 1 zuwa 10, a ninka su, a bi mafi girma. Na ƙi. Daskarewar allura za ta iya samun 10 sau 2 sau 2, ta tashi 40. Ƙarar fanka ta samu 4 sau 5 sau 5, ta tashi 100. Bin wannan lissafi zai sa mu kashe awanninmu a kan fanka. Don haka muka fara jerawa da muni, sauran biyun suka biyo baya.

Abin da ya fi amfani a zaman shi ne shafin da na ƙara: mene ne ainihin abin da ke cin wannan sashe? Kafasita, ƙaramin sashe a kan allo mai tara cajin lantarki, zafi ne ke busar da ruwan cikinta. Wuraren liƙin allo hawa da saukar zafi ne ke gajiyar da su har su tsage. Makunnin kwamfreso tartsatsin kowace kunnawa ke cinye bakinsa. Fanka, man boris ɗinta ne ke bushewa. Robar ƙofa, tsufa da buɗewa. Mahaɗan waya, laima. Manhaja kuwa ba ta tsufa sam, kuskurenta na nan tun ranar farko yana jiran yanayin da zai tashe shi. Da na dubi wannan shafi sai tsarin gwajin ya fara fito mini: babu gwaji ɗaya da zai taɓa waɗannan duka, sai kowanne a bi shi ta hanyar da yake mutuwa.

18 ga Fabrairu

Wani abokin aiki ya kawo hasashen da ya yi da littafin MIL-HDBK-217F, ya sami adadi mai kyau, ya ce mu sa shi a rahoto mu huta. Littafin tun 1995 rabon da a sabunta shi, kuma ya ginu a kan cewa yiwuwar lalacewar abu ba ta canzawa da shekarunsa. Yana da amfani wajen kwatanta ƙira biyu a takarda. Amma boris da roba da makunni suna tsufa, haɗarinsu a shekara ta takwas ba irin na shekarar farko ba ne. Don irin wannan ne injiniyan nan na Suwidin, Waloddi Weibull, ya yi fice da takardarsa ta 1951: a lissafinsa na lokutan da kaya ke lalacewa akwai wani adadi, ma'aunin siffa; idan ya gaza 1, kayan na mutuwa tun suna sabbi saboda aibin ƙira ko haɗi, idan 1 ne, haɗarin ba ya canzawa, idan ya haura 1, tsufa ne.

Na kuma nuna masa abin da awa 20,000 ke nufi idan an ɗauke shi yadda yake. Ba ya nufin kowane firji zai yi awa 20,000 lafiya. Yana nufin kafin a kai nan, kusan kashi 63 cikin 100 sun lalace aƙalla sau ɗaya, kuma cikin shekarar farko kaɗai, mai awa 8,760, kusan kashi 35. Ga ƙananan gyare-gyare ana iya haƙuri da haka. Ga daskarewar allura, ko kusa.

21 ga Fabrairu

Na je wurin shugaban sashe da takarda ɗaya. Ya ce, "Injiniya, ku kunna su kawai, in babu wanda ya lalace ai magana ta ƙare."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko da an ba mu wata takwas ɗin, gwajin da ba ya yarda da lalacewa ko ɗaya yana kayar da kaya masu kyau. Firjin da ainihin MTBF ɗinsa ya yi daidai da abin da ake nema, sau ɗaya cikin goma zai haye. Wanda ya ninka abin da ake nema sau uku, damarsa ba ta kai rabi ba, kashi 46 ce. Sai wanda ya ninka sau goma ne zai kai kashi 79."

Akwai kuma illar da ba ta fito a lissafi ba, na faɗa masa ita. Idan aka ce lalacewa ɗaya ta rushe komai, kowa zai koma addu'ar kada a ga matsala, alhali neman matsalar ne ya sa ake gwajin tun kafin kaya su bar hannunmu.

Ya amince a raba aikin huɗu: gwajin matsa wa samfuri har ya karye, gwajin gaggauta tsufa a kan sassa, gwajin cusa matsala da gangan, sannan gwajin cikakken firji da abin da ya rage. Sharaɗinsa shi ne rahoton ƙarshe ya faɗi abin da aka nuna da abin da ba a nuna ba, dalla-dalla. Sharaɗin ya yi mini daidai.

26 ga Fabrairu

Na zana bishiyar musabbabai, hanyar da aka ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1960 don makami mai linzami na Minuteman. Ana sa mummunan abu a sama, a gangaro ana tambayar me da me za su haɗu su haifar da shi.

A takardar talla, kwamfreso biyu na nufin in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. A bishiyar, dukansu suna rataye a allo ɗaya, manhaja ɗaya, da ma'aunin zafi ɗaya. Mafi muni, ƙararrawa ma daga wannan ma'aunin take karatu. In ya yi ƙarya, mai sarrafawa da mai gadi duk za su gaskata shi tare.

Irin wannan ne ya tarwatsa rokar Ariane 5 a tashinta na farko, 4 ga Yuni 1996. Tana da na'urar sanin alkibla biyu, ɗaya madadin ɗaya, amma manhajarsu iri ɗaya ce. Wani adadi mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin girman gurbin ajiyar lamba a kwamfuta) ya ƙi shiga gurbin bit 16, duka biyun suka tsaya kusan a lokaci guda, rokar ta wargaje ba ta cika minti ɗaya a sama ba. Madadi yana kare ka ne daga lalacewar da ba ta shafi ɗan'uwansa ba.

Na rubuta buƙatar a ba ƙararrawa nata ma'aunin daban. Masu ƙira sun karɓa, amma sai a allo na gaba. Samfuran da ke hannu za su shiga gwaji yadda suke.

3 ga Maris

Gaggauta tsufa. Tambayar da kowa ke yi ita ce me zai hana a sa firjin gaba ɗaya cikin zafi mai tsanani a gama. Abin da zai hana shi ne batir da robobi da gas ɗin sanyaya za su mutu ta hanyar da ba za su taɓa mutuwa a wurin aiki ba, mu kuma mu ɓata lokaci muna gyara abin da ba matsala ba. Don haka alluna kaɗai za su shiga tanda.

Lissafin Arrhenius yana ba da yawan ninkin da zafi ke gaggauta lalacewa, amma ya dogara da wani adadi, kuzarin tayar da sinadari, wanda kowace hanyar lalacewa ke da nata. Daga digiri 40 na wurin aiki zuwa digiri 85 na tanda, idan adadin 0.7 eV ne (eV shi ne ma'aunin wannan kuzari), ninkin 26 ne, shekara goma ta koma awa 3,370. Idan 0.5 ne, ninkin 10, ana buƙatar shekara guda cur. Idan 0.9 ne, ninkin 66, awa 1,330 sun isa. Ɗan motsi a adadin da aka zata, sai amsar ta canza ninki shida. Na tambayi masu kawo mana sassa nasu adadin, har yanzu shiru. Saboda haka za mu raba allunan gida biyu, wasu a digiri 85, wasu a 100, ko bambancin da ke tsakaninsu zai ba mu namu ƙiyasin.

Ga wuraren liƙi kuma lissafin Coffin da Manson ne, wanda ke danganta gajiyar liƙi da tazarar hawa da saukar zafi. Allon yana hawa da sauka kimanin digiri 25 kowace rana. A akwatin gwaji za mu kai shi daga 20 ƙasa da sifiri zuwa 80, tazarar digiri 100, ninki huɗu. Idan aka ɗauki ma'aunin 2 da aka saba ɗauka ga liƙi, gaggawar huɗu sau huɗu ce, wato ninki 16, zagaye 3,650 na shekara goma ya koma kimanin 230. Za mu bi tsarin IEC 60068-2-14.

6 ga Maris

Mun manna wayoyin auna zafi a kan allon da ke aiki cikin firji. Babbar kafasita tana kai digiri 65 saboda tana jingine da ƙarfen da ke zubar da zafi. An rubuta mata awa 5,000 a digiri 105, kuma ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce rayuwarta na ninkawa biyu a duk saukar digiri 10. Awa 80,000 ke nan, shekara goma kuwa 87,600 ce. Matsar da ita gefe zai warware wannan, ba sai an jira tanda ta faɗa ba.

12 ga Maris

Gwajin matsawa har a karye, wanda aka fi sani da HALT, hanyar da Gregg Hobbs ya yaɗa tun shekarun 1980. Mun sadaukar da kayan lantarkin samfuri biyu. Ana ƙara sanyi mataki-mataki, sannan zafi, sannan girgiza, sannan a haɗa su, ana lura da inda abu ya fara rikicewa da inda ya mutu gaba ɗaya.

Sanyi da zafi ba su nuna abin damuwa ba sai nesa da iyakar aiki. Girgiza ce ta tona asiri. Mahaɗin wayar da ke zuwa kwamfreso na biyu ya fara yankewa yana dawowa tun a matakan farko, daga baya ƙafar wata doguwar kafasita ta karye daga gindi.

Nan take aka ce ai firji ba zai taɓa ganin irin wannan girgiza ba. Gaskiya ne ba zai gan ta a awa ɗaya ba. Amma zai yi doguwar tafiya a bayan mota, kuma kwamfreso zai yi ta kaɗa shi a hankali shekara da shekaru. Wurin da ya fara karyewa a nan shi ne mafi rauni a can. Abin da wannan gwaji ba ya bayarwa shi ne adadin shekaru, kuma na rubuta haka a sarari don kada wani ya juya sakamakon ya zama alƙawari. An yarda a sauya mahaɗin da mai makulli, a kuma ɗaure kafasitar da gam.

17 ga Maris

Koma-baya babba. Da safe aka tarar da alluna shida na rukunin digiri 100 sun canza launi, kafasitoci biyu sun kumbura. Allon tandar yana nuna 100 daidai. Na'urar ɗaukar bayanai tamu, wadda ke da nata wayoyin, ta nuna zafi ya fara hawa tun tsakar dare har ya wuce 125, ya kuma daɗe a can.

Da aka buɗe, wayar da tandar ke auna kanta da ita ta zame daga mazauninta ta jingina kusa da ƙofa, inda ya fi sanyi. Tandar tana ganin ba ta kai ba, sai ta yi ta ƙara wuta. Abin da bishiyarmu ta nuna game da firji, shi ne ya faru da tandar kanta: mai aunawa ɗaya, babu mai ƙaryata shi.

An yi ta shawarar a ƙiyasta yawan tsufan da daren ya jawo a ci gaba da allunan. Ban yarda ba. Kafasitocin sun wuce iyakar da aka rubuta musu ta 105, kuma a can wasu hanyoyin lalacewa ne ke aiki, ba wadda muke aunawa ba. Duk lalacewar da za ta biyo baya ba za mu san ko ta shekaru ce ko ta daren nan ba.

Asarar: alluna shida daga cikin goma sha biyu na gwajin tanda, duk awannin da rukunin ya tara, da kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin tanda da aka ware mana. Sabbin alluna ba za su iso ba sai watan gobe, wanda ke nufin rukunin digiri 100 ba zai kai inda zai ba mu namu adadin kuzarin ba kafin rahoto. Za mu yi amfani da 0.5, mafi tsauri, mu faɗi cewa zato ne. Daga yau kuma babu tandar da za a kunna sai da makashin wuta mai zaman kansa da ke yanke lantarki in zafi ya haura iyaka da digiri biyar.

24 ga Maris

Abubuwan da yawan amfani ke ci sun fi sauƙin gaggautawa. Buɗe ƙofa sau 20 a rana na shekara goma 73,000 ne. Hannun inji mai buɗewa sau shida a minti zai gama cikin awa 200 da 'yan kai. Sai dai sabuwar roba ba ita ce za ta sha buɗewar shekara ta tara ba, don haka muka fara tsufar da robobin a zafi kafin a ɗaura su.

Yawan samfuri kuma: don nuna amincin kashi 90 da tabbacin kashi 90 ba tare da lalacewa ba, ana buƙatar guda 22, kowanne ya yi rayuwa ɗaya cikakkiya. Makunnan kwamfreso suna da araha, mun sa 22. Ƙofofi shida kawai muke da su. Idan ma'aunin Weibull nasu 2 ne, shida da suka yi rayuwa biyu-biyu sun tsaya a madadin 22. Idan 1.5 ne, takwas ake buƙata. Na sa a ci gaba da buɗe su bayan rayuwa ta biyu har su fara lalacewa, domin lokutan lalacewar ne za su gaya mana ainihin ma'aunin.

31 ga Maris

Makon cusa matsala: cire wayar ma'auni, gajarta ta, yanke wuta a tsakiyar rubuta bayanai, sauke batir a hankali har ƙasa, toshe fanka. Yawanci manhajar ta yi abin da ya dace.

Ɗaya ce ta girgiza mu. Manhajar tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a gurbi mai bit 32, wanda ke cika ya koma sifiri bayan kwana 49.7. Na roƙi mai manhajar ya fara ƙirgar daf da cikarta. Akwai ɗan hutun da ake ba kwamfreso bayan ya tsaya kafin a sake kunna shi. Da cikar ta faɗo cikin wannan hutu, lissafin ya rikice, allon ya ci gaba da jira, kwamfreso duka biyu suka ƙi tashi.

Kwana 49.7 awa 1,193 ne. Gwajin awa 1,000 da aka saba yi zai ƙare lafiya ƙalau bai gan shi ba, kuma duk sanda aka kashe firji aka kunna, ƙirgar na komawa farko. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni kan irin wannan a Boeing 787: na'urorin sarrafa janaretocinsa za su iya tsayawa gaba ɗaya idan suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba. Gyaran namu layi kaɗan ne. An yi shi, an sake gwadawa, an kuma bi duk sauran wuraren da ake kwatanta lokaci a manhajar.

7 ga Afrilu

Zagayen zafi da sanyi ya wuce rabi, babu tsagewa a liƙi. Makunnai na tafiya. Rukunin digiri 85 lafiya.

14 ga Afrilu

Firji shida na cikakken gwaji suna cikin ɗakin da ke kwaikwayon rana da dare, zafi da laima, an cika su da kwalaben ruwa a madadin allurai, kowanne da ma'aunanmu na waje. Tunda muna gyara ana tafiya, za mu bi yadda amincin firjin ke ƙaruwa da zanen da J. T. Duane ya fito da shi a 1964, wanda Larry Crow ya ba shi tushen lissafi a shekarun 1970. Da awanni kaɗan irin namu zanen zai nuna alkibla ne kawai.

Doka ɗaya na kafa: duk abin da ya faru a rubuta shi, ko da ya gyaru da kansa. Firji na huɗu ya sake kunna kansa sau ɗaya jiya, aka duba ba a ga komai ba, aka so a share. Ruwa ba ya tsami banza. Ya zauna a kundi a buɗe har sai an san dalili.

22 ga Afrilu

Lalacewar mataki na farko. Cikin zagayen dare, ma'aunanmu na waje sun nuna cikin firji na biyu ya sauka ƙasa da sifiri. Fuskar firjin na nuna digiri 5. Ƙararrawa shiru.

Mun yanka ma'aunin zafin muka duba. Laima ta shiga ta inda waya ke shiga kan ma'aunin. Irin wannan ma'auni turjiyarsa ga lantarki na raguwa ne idan zafi ya ƙaru. Danshin ya buɗe wa lantarki wata hanya ta gefe, turjiyar ta ragu, allon ya ɗauka ciki ya yi zafi, ya yi ta sanyayawa. Reshen da muka gani a bishiya ranar 26 ga Fabrairu ke nan, ya fito a zahiri. Gwajin cire waya da gajarta ta bai kama shi ba domin manhajar na gane karatun da ya fita hankali. Wannan kuwa ƙarya ce ta digiri shida, mai kama da gaskiya.

An kawo hujjar cewa tunda ma'auni na biyu na zuwa a sabon allo, kada a ƙirga wannan. Na ce a ƙirga. Gyaran da ba a gwada ba tukuna niyya ce. Kuma idan ma'auni na biyu irin na farko ne, daga mai kawowa ɗaya, a wuri ɗaya mai danshi, tare za su zame. Na nemi ya zama wani iri daban, a wani wuri daban, manhajar kuma ta riƙa kwatanta su ta yi kuka in sun saɓa da fiye da digiri biyu. Na kuma nemi makashi mai sauƙi, marar manhaja, da zai yanke kwamfreso in ciki ya kusa sifiri.

A FMEA mun sa laima a kan mahaɗan waya, ma'aunin kuwa takardar mai kawo shi ta ce a rufe yake ruf. Yanzu ya shiga jerin gwaji: guda 22 na kowane iri, a zagayen zafi da laima na IEC 60068-2-30, ana auna zamewarsu kowane mako a ruwan ƙanƙara.

28 ga Afrilu

Zaman bita da shugaban sashe. Lokacin tanda ya kusa ƙarewa, samfuri biyu sun tafi a HALT, alluna shida sun ƙone. Abin da rahoto zai ce: makunnai sun cika rayuwa ɗaya, 22 babu lalacewa. Liƙin allo ya cika zagaye 230, bisa zaton ma'auni 2. Ƙofofi sun wuce rayuwa biyu, ana ci gaba. Tsufan alluna a zafi bai kai shekara goma ba a zato mafi tsauri, za a faɗi iya inda ya kai. MTBF na awa 20,000 ba a nuna shi ba. An sami aibi biyar na ƙira, uku an gyara an sake gwadawa, biyu suna jiran sabon allo.

Na nemi ƙarin mako goma da samfuri huɗu masu sabon allo. Ya ba da mako takwas da samfuri uku, da sharaɗin kada a taɓa ranar fara ƙera na gwajin fili. Na karɓa, amma na rubuta cewa babu firjin da zai fita sai ma'auni na biyu da makashin daskarewa sun haye gwajin cusa matsala, har da ƙaryar digiri kaɗan.

Na gaba: sabbin alluna su shiga tandar digiri 100 da zarar sun iso. Firji biyu za a bar su a kunne ba yankewa har su wuce kwana 50. A maimaita girgiza a kan sabon mahaɗi bisa IEC 60068-2-64. A tsara bayanan da firjin gwajin fili za su riƙa aikowa, musamman saɓanin ma'aunai biyu da yawan tashin kwamfreso. Batun firji na huɗu har yanzu a buɗe yake. Gobe za mu sa masa na'urar da za ta kama faɗuwar wutar allo a daidai lokacin da kwamfreso ke tashi.